Rasuwar Ɗanbaƙi Mai Matse Kwanso

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta daina tafarfasa ba, Malam Tankari mutumin Maradi, mai sayen kaya a unguwar Xiaobei, yana sanar da 'yan uwa mazauna birnin Guangzhou na ƙasar Sin rasuwar Ɗanbaƙi, wanda ya cika a wata maƙera da ke bayan gari, dab da wasannin Olamfik.

Ga wanda bai san marigayin ba, ƙarfe ne mai rami, tsawon yatsa. Idan an harba harsashi kwanson yakan kumbura, sai a cusa masa shi ya matse, ya koma daidai, a sake ɗura albarushi. Na Baba Maidaji ne, ƙanen mahaifin Tankari, shugaban maharban ƙauyensu. Tun Tankari na yawo ba wando marigayin ke wannan aiki, bai taɓa fitar da kwanson da bindiga ta ƙi karɓa ba. Ba shi da surutu. "Ƙiiƙ" in kwanso ya shiga, "ƙwas" in ya fito, shi ke nan.

Lafiyarsa ƙalau ya baro gida. Tsohon ya naɗe shi a tsumma ya danƙa wa Tankari, a ƙero masa irinsa, da sharaɗin ya dawo da shi hannu da hannu yadda ya tafi. Tankari ya bugi ƙirji.

To ashe mutanen maƙerar nan ba sa mayar wa baƙo samfurinsa da datti, wai rashin girmamawa ne. Wa ya aike su? Suka kama bawan Allah suka kankare, suka zura masa injin gogewa har cikin hanji, suka cinye abin da shekaru suka kasa ci, sannan suka auna shi suka ƙera sauran. Lawban, wato mai maƙerar, ya kawo shi cikin akwati mai jan ƙyalle, da hannu biyu, yana washe baki. Ɗanbaƙi ya koma fari fat kamar sabon cokali. Tankari har godiya ya yi da Sinanci, kuma wannan godiyar ce ta fi komai ƙona masa rai.

A ƙasar nan ba a ganin bindiga balle a gwada. Sababbin suka bi Alhasan, wani ɗan kasuwa mai komawa gida, daga can kuma cuta ta bayyana. Kwanso ya fito sumul, a sa a bindiga ta ƙi rufuwa. Maharba suka ƙara murɗa sabon ƙarfen ya yi ƙasa a cikin injin matsi, suka rage bakin kwanso, suka shafa mai, suka wanke bindigogi, wani har da dukan makullin bindiga da tafin hannu. Ina! Da labari ya iso Tankari ya kai marigayin aka auna, aka ce raminsa ya buɗe da kaurin gashi guda. Gashi guda, jama'a! Kuma ƙarfen da aka kankare ba ya tsirowa.

Ya rasu ya bar injin matsi guda a rumfar Baba Maidaji, da buhun kwanso marayu, da tulin 'ya'ya masu ƙyalli da buɗaɗɗen ciki, waɗanda ko ɗaya bai gaji ubansa ba. Ya kuma bar lawban, wanda har gobe ke jin alheri ya yi.

Za a karɓi gaisuwa a gidan abincin halal na Xiaobei bayan sallar Juma'a. Duk wanda ya ce ai ƙarfe ne kawai, ya tashi ya ba wasu wuri. Jana'iza kuwa sai Maradi, kuma ba da jimawa ba, don saboda Olamfik an ƙi ƙara wa Tankari biza, ba shi da inda zai laɓe. Shi zai ɗauki gawar a aljihunsa.

Ana roƙon masu ta'aziyya, don girman Allah, kada kowa ya buga waya gida. Baba Maidaji bai sani ba tukuna. Ya aiko cewa kada Tankari ya damu da sababbin, a zubar da su, shi dai a kawo masa nasa kafin lokacin farauta.