Yadda Kular Mama Ta Tafi a But ɗin Mai Girma

Ku yi mini afuwa, masu karatu. Na san wannan fili na manya ne, masu furfura da digiri, waɗanda in sun ɗauki alƙalami kujeru ke girgiza. Ni kuwa ko gaisuwa zan yi a cikin mutane sai na maimaita ta sau uku a zuci, ƙarshe in buɗe baki in ce "ina kwana" da la'asar sakaliya. Tabarau ake kirana a layinmu, don tun ina ƙarama hancina ke cikin littafi. Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba in ban da malamin jarrabawa. In kun ga kuskure, ku ɗora wa rashin sabo. Da ba don an tafi da kular abincin Mama jiya ba, kuma har yanzu ba ta sani ba, da ban yi wannan karambanin ba.

Bari in ɗauko zancen daga tushe.

Wata uku da suka wuce Baba ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo. Likita ta auna jininsa, ta sake aunawa, sannan ta ajiye abin awon ta zuba masa ido. Ta ce nama da kitse da yawan gishiri, a yi sallama da su. In ba haka ba, faɗuwa ta gaba ba lalle ne a tashi ba. Mama ta yi ta sharar hawaye har gida. Ni kuma na yi abin da na iya kaɗai, na shiga karatu. Na fito daga littattafai da shawarar cewa tukunyarmu za ta koma ta wake da ganye da hatsi, ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara.

Ba zan ɓoye muku ba, girkina na farko laifi ne. Kabeji na dafa har ya fita hayyacinsa, kyanwar gidanmu ta shinshina ta bar unguwar kwana biyu. Amma a hankali na gano inda sirrin yake. Ashe a albasa yake. A yanka ta da yawa, a sa mata mai kaɗan, a rage wuta, a yi haƙuri da ita har ta yi ja ta fara zaƙi. Daga nan duk abin da ya shiga tukunyar ya sami gata.

Duk da haka Baba ya ce ba da shi ba. Yana kirana Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, amma ran da na ajiye masa kwanon farko ko kunyar uwar bai ji ba.

"Uwata, me na yi miki kika mayar da ni akuya?"

"Baba, akwai ƙarfen jini a cikin alayyahu. Littafin ya ce..."

"To littafin ya zo ya ci."

Sai ya tsakuri loma biyu, ya ce zai fita miƙe ƙafa. Miƙe ƙafar nan kullum a teburin amininsa Mahauci take ƙarewa. Ya dawo leɓe na ƙyalli, riga na ƙamshin hayaƙi, ya ce iska ya sha. Ni kuwa in koma ɗaki in tuna fuskar likitar nan, in sake buɗe littafi.

Sai kun san Baba za ku gane taurin kan. Shekara talatin ya yi yana tuƙa manya kafin ya ajiye aiki, kuma da ilimi ɗaya ya fito, wanda ba ya cikin kowane littafi nawa. Ya ce shi ba ya sauraron bakin babban mutum, but ɗin motarsa yake dubawa. Abin da suka faɗa a lasifika namu ne, abin da suka sa a but shi ne mai amfani.

"Ni ke buɗe but ɗin nan da hannuna," in ji shi. "Na sa raguna, na sa kaji, na sa katan-katan na madara. Ban taɓa sa ganye ba, ko ƙulli ɗaya. Ran da na ga ganye ya shiga but, ki zubo mini, zan ci har in suɗe kwano."

Ana cikin haka rediyo ta kawo albishir. Kwamitin Wayar da Kan Tumbin Jama'a, Allah ya ƙara masa kujeru, zai ƙaddamar da Makon Cin Ganye. Duk wadda ta kawo girkin da babu nama za a ba ta tukunyar gas kyauta. Ku dubi irin tausayin bayin Allahn nan. Tsadar kasuwa ta daɗe da raba mafi yawanmu da nama, amma ba su yarda mu rabu da shi cikin jahilci ba, sai da suka kama zaure suka buga alluna don su koya mana.

Na kai wa maƙwabciyarmu Anti Tela labari. Ko ɗaga kai daga keken ɗinki ba ta yi ba.

"Tabarau, ke dai karatu ya cinye miki wayo. Bara irin shuka suka ce za su ba mu, kowa ta yi lambu a bayan ɗaki. Kin san me muka samo? Hula mai hoton karas. Ga ta can, da ita nake goge keke."

Amma ni ba tukunyar gas nake hange ba. So nake Baba ya ga babban mutum yana cin wake da idonsa, ko Allah zai sa a dace.

Kwana ɗaya kafin taron na yini a layin gas. Ku yi haƙuri, na manta an sanar cewa babu layi a ko'ina. To, na yini a wani dogon taron sada zumunci da muka yi a tsaye cikin rana, kowa rungume da tukunyarsa.

Washegari da safe na yi girkin da ban taɓa yin irinsa ba. Da na gama sai na ga ba abin da ya dace da shi sai koriyar kular Mama. Kular nan a saman kabad take zaune cikin ledarta ta asali. Baƙi na musamman kaɗai ke ganinta, mu 'yan gida sai dai mu gaishe ta daga nesa. Mama ta riga ta fita shagonta. Na taka kujera na sauko da ita, na ce kafin la'asar na wanke na mayar.

Ina fitowa na iske Baba ya sha wanka har da turare.

"Zan raka ki, Uwata. Bai kamata yarinya ta shiga taro ita kaɗai ba."

Na san ba ni yake rakawa ba. Ya fi kowa sanin cewa ba a taron manya sai da gasasshen nama a bayan labule.

An ce ƙarfe goma. Zauren ya sha ado, a kan babban tebur ga kwando shaƙe da tumatir da kabeji da karas sai sheƙi suke. Na matsa na taɓa ɗaya. Na roba ne. Wannan ma hangen nesa ne, don na gaske ba zai kai ƙarshen jawabi bai yi yaushi ba.

Mu bakwai muka kawo girki. Sha biyu ta yi, ɗaya ta yi. Uku suka tafi ɗauko yara daga makaranta da kwanukansu. Sauran ukun yunwa ta ci ƙarfinsu, suka buɗe nasu suka cinye, suka kama gabansu. Ni kunya ta hana ni tashi, ta kuma hana ni buɗewa. Na zauna a kujerar ƙarshe rungume da kula kamar mai jiran allura.

Ƙarfe uku Mai Girma Babban Mai Yanka Ƙyalle ya iso da motoci goma sha ɗaya, don shi ganye ba a zuwa masa da mota ɗaya. Tare da shi akwai Ranka-ya-daɗe Shugaban Kwamitin Kafa Kwamitoci, da wani siriri mai riƙe masa jaka. Mai Girma ya yi jawabi mai ratsa jiki. Ya ce shi tun yana yaro ba abin da yake ƙauna kamar ganye. Maɓallin rigarsa na tsakiya ya so ya musa, amma ya daure. Ya kuma ja kunnen masu yaɗa jita-jitar cewa akwai layi a gidajen mai.

Sai aka nemi girkin da za a ɗanɗana, aka duba ko'ina, ba kowa sai ni. Mai riƙe jaka ya ɗebo cokali ɗaya daga kulata. Mai Girma ya ɗaga shi zuwa baki, ya yi murmushi, masu hoto suka haska. Cokalin ya dawo a cike yadda ya tafi.

Baba ya zungure ni. "Kin gani? Cokalin hoto ke nan. Na tuƙa wani shekara takwas yana ɗanɗana abincin talakawa, bai taɓa haɗiya ba."

Na ji kamar in nutse. Na rufe kulata, idona ya cika, tabarau ya yi hazo.

Manya suka shige bayan labule cin abinci. Muka ji ƙarar kujeru, muka ji ƙarar faranti, daga nan sai shiru. Shirun ya yi tsawo. Baba, da hancinsa ke aiki tun ɗazu, ya leƙa waje wurin direbobi ya dawo fuska a yamutse. Wai motar da ta ɗauko naman manya mai ya ƙare mata, tana can tun safe a layin gidan mai. Layin nan dai da aka ce jita-jita ne.

Biyar saura sai ga mai riƙe jaka ya fito yana waige-waige, ya tsaya a kaina.

"'Yammata, abin nan na ɗazu da saura?"

Na ce e, amma ban tabbata muryar ta fito ba. Ya sunkuci kular ya yi ciki.

Baba ya kamo hannuna. Ya san kowace ƙofar baya a irin wannan gini. Muka zagaya muka tsaya inda labule bai haɗu ba. Jama'a, da idona na gani. Mai Girma ya naɗe hannun riga, ba mai hoto ko ɗaya, yana kai loma yana lumshe ido.

"Wane irin nama ne wannan mai laushi haka?"

"Dankali ne, ranka ya daɗe."

"Dankali? Ƙaro mini dankalin."

Shugaban Kwamitin Kafa Kwamitoci ya miƙo faranti karo na uku. Mai Girma ya dafe murfin kular da tafin hannunsa.

"Haba, ya isa haka. Sauran na gida ne. Kai, a sa mini a but."

Na buɗe baki in ce kular ta Mama ce. Na shirya jimlar tsaf, har da "don Allah" a farkonta. Kafin in gama maimaita ta a zuci, an fita da kula. Muka bi su waje. Direba ya buɗe but, ya gyara mata wuri a tsakiya, ya tokare ta da tsumma don kada ta karkace, ya rufe a hankali.

Baba ya tsaya kamar an dasa shi. Ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar. Ya bi motocin da kallo har suka ɓace.

Tukunyar gas kuwa, an ce tana hanya. An ba ni takardar yabo da hula mai hoton kabeji. Anti Tela ta ce in kawo, ta bara ta tsufa.

A hanyar gida dole mu bi ta gaban Mahauci. Yana hango mu ya ɗaga wuƙa.

"Direban manya! Zo, na ajiye maka wajen mai kitsen nan!"

Baba ya rage tafiya. Ya dubi teburin, ya haɗiyi yawu har na ji ƙararsa.

"Sayar da abinka, Sarkin Wuƙa. An daina yayinsa a sama."

Muna shiga gida ya ja kujera ya zauna a ƙofar kicin. "Uwata, da sauran waken nan?" Na ɗora sabuwar tukunya. Ya ci, ya ƙara, ya suɗe kwano kamar yadda ya yi alkawari. Sannan ya nuna ni da cokali.

"Kada ki ɗauka don likita na ci, ko don littafinki. Shekara talatin ban taɓa ganin sun sa abin banza a but ba."

Yau da safe ma shi ya tashe ni, wai a jiƙa wake da wuri. Mama ta tsaya tana kallonsa yana cin alayyahu, ta juya tana goge ido da bakin mayafi. Murna ce ta hana ta ɗaga kai ta dubi saman kabad.

Saboda haka, Mai Girma, Allah ya ƙara wa but ɗinka faɗi, ga yadda ake yi, kyauta, ba sai an kafa kwamiti ba. A jiƙa wake, a dafa shi ya yi laushi. A soya albasa a hankali yadda na faɗa, a sa tafarnuwa da citta da tumatir. A zuba dankali da karas, gishiri ɗan kaɗan. Alayyahu a ƙarshe yake shiga, ana sa shi a sauke. A matsa lemon tsami, a barbaɗa dakakkiyar gyaɗa. Shi ke nan. Daɗin ba a jikin kular yake ba, ranka ya daɗe. A taimaka a dawo da ita, ko ba a wanke ba.

Zan so in ƙara bayani a kan amfanin wake, don na tanadi shafi huɗu. Amma yanzun nan na ji Mama tana cewa ƙanwarta za ta zo da baƙi anjima, kuma ga ƙarar jan kujera zuwa gindin kabad. Takalmana suna hannuna, ƙofar baya a buɗe take. In an tambaye ku, ba ku ga wata mai tabarau ba.