Ranar Da Fusae Ta Hau Hasumiyar Ƙofar Gidanta

“Lafiya lau nake, sai dai in kai ne ba ka da ita. Dubi wuyanka kamar na figaggiyar kaza. A Tokyon ba a dafa abinci ne, ko hotonsa kawai kuke ɗauka?”

Sannu da zuwan da Shunpei ya samu ke nan, ko takalmi bai gama cirewa ba. Kakarsa Fusae na zaune a kan tabarma cikin rigarta mai zanen damisa, ta miƙe ƙafar da ke mata ciwo. Ya waiga gefe. Kwalayen da uwarsa ta aiko don a haɗa kaya suna nan jingine da bango, ko igiyarsu ba a kwance ba, alhali ranar Asabar motar kwasar kaya za ta zo.

Tun sanyin bara da tsohuwar ta zame a matakala ta kwana a ƙasa, sai da gari ya waye mai kawo madara ya jiyo nishinta, uwar Shunpei ta rantse ba za ta sake barin ta ita kaɗai a Osaka ba. An gyara mata ɗaki a Tokyo. An rufe shagonta na soyayyen tsire da ke ƙasan gidan. Komai ya kammala, sai dai mai tafiyar ta ce ba inda za ta. Uwarsa ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi fushi, duk a banza. Da ta gaji sai ta turo shi, don a duk zuri’ar shi kaɗai ne in tsohuwar ta faɗa ɗaya yake mayar mata da biyu.

“Baa-chan,” in ji shi, yadda ya saba kiran kakar tasa, “ni da na zo duba tsohuwa mai jinya, sai na tarar da damisa. Masu gidan namun daji sun san kin fito kuwa? Ga shi nan bayan layi, tashi in mayar da ke.”

“Damisar ce ta goya ka, mara kunya. Fitsarin da ka yi min a baya ya isa a wanke titi.”

“Ramuwa ce. Wa ya sa ki riƙa ɗura wa jariri ɗanyen kabeji?”

“Shi ya sa ka yi kai kamarsa. Ka ga, in maganar kwalayen can ta kawo ka, ga ƙofa nan ba a kulle ba.”

“Me ya haɗa ni da kwali? Yawon buɗe ido na zo. Kullum abokan aikina sai su tambaye ni me ake gani a Osaka, in yi tsuru-tsuru, don wadda ta raine ni ba ta taɓa kai ni ko’ina ba sai kasuwar albasa.”

“Ka ga albasa ai. Me kuma ya rage?”

“Mu fara da tsohuwar fadar nan mai ganuwa.”

“Wacce? Ta siminti mai lif a ciki? Jaruman da suka yi yaƙi a wurin da lif suke hawa?”

“Ke za ki faɗa mana, ai a gabanki aka yi yaƙin. An ce ke kike soya wa dakaru tsire.”

“Ni ce mana. Kuma ko babbansu bai isa ya tsoma tsinkensa sau biyu a kwanon miyata ba. Wanda ya gwada, shi aka ci da yaƙi.”

“To mu je Nara, jirgin ƙasa ɗaya ne. Ki ga barewar da ke rusuna wa mutum in ya ba ta biskit.”

“Ni na koya wa kakanninsu rusunawa. Kai ne dai ka gagare ni. In mai rusunawa don abinci nake son gani, ai sai in ɗaga kwano in dube ka.”

“Ruwan Minoo fa, mai zubowa daga kan dutse? Har ganyen bishiya suke tsomawa a ƙullu su soya.”

“Ganye. Na ƙarar da ƙuruciyata ina soya nama da jatan lande, yau jikana zai kai ni in ci abincin akuya. Ruwa mai zubowa kuwa, ga rufina nan, ka jira damina, kyauta ne.”

Shunpei ya yi dariya, amma a ransa ba dariyar yake ba. Duk ƙofar da ya taɓa sai ta rufe, ga rana tana tafiya. Ya tashi ya ɗage labulen taga don ya sami abin yi da hannunsa. Hasumiyar Tsutenkaku na tsaye a ƙarshen layin kamar kullum, baƙi sun yi dafifi a gindinta suna ɗaga waya sama.

“Wannan fa? Sau nawa kika hau?”

Tsohuwa ta shiga gyara matashin da ba abin da ya same shi.

“Baa-chan, magana nake.”

“Wane ɗan unguwa ne ke hawa hasumiyar unguwarsu? Ta baƙi ce. Su hau, su sauko da yunwa, ni in ciyar da su. Kowa da aikinsa.”

“Ashe ba ki taɓa hawa ba. A gindinta aka kawo ki amarya, a gindinta kika yi furfura. Tsoro kike ji.”

“Ni? Ni da na kori ’yan daba uku daga shagona da ludayi?”

“Bara biyu kika ce.”

“Ɗayan ya ɓuya a bayan ɗan’uwansa, sai daga baya na tuna da shi.”

“Shi ke nan. Zan koma in shaida wa mutanen Tokyo cewa damisar unguwar Shinsekai tsoron sama take ji. Har mai gadin ofishinmu sai ya sani.”

Ta dube shi sama da ƙasa.

“Miƙo min sandata, ɗan banza.”

Tafiyar ba nisa, amma sai da ta ɗauke su lokaci, saboda ƙafar da kuma bakin. Ba abin da ta bari a Tokyo bai sha zagi ba.

“Garin da ake tsayawa a hagu a kan matakala mai tafiya, kamar waɗanda aka juya wa kai. Garin da romon taliya yake baƙi ƙirin kamar ruwan kwata. Ka yi wa mutum barkwanci ya ce maka, ‘Haka ne?’ Can kuke so ku kai ni in mutu da shiru.”

“Ai saboda haka ake neman ki. Gwamnati ce ta roƙa, wai garin ya yi tsit da yawa. Sun gwada jiniya ba ta yi ba.”

“Bakinka ya yi tsini. Na wa ka gado?”

“Na mai kawo madara.”

Ta kai masa sanda, ya goce.

A cikin lif ɗin hasumiyar kuwa bakin ya mutu. Da akwatin ya fara sama, sai Shunpei ya ji yatsu sun damƙe masa dantse, damƙar da sai da ya cije leɓe.

“Baa-chan, hannuna.”

“Riƙe ka nake kada ka faɗi. Ba ka da nauyi, iska za ta iya ɗauke ka.”

“A cikin lif?”

“Yi min shiru.”

A sama suka tarar da layi a gaban wani gunki mai murmushi da ke zaune ya miƙe ƙafafu, kowa na shafa masa tafin ƙafa don neman sa’a. Tsohuwa ta tsaya ta riƙe ƙugu.

“Dubi ɗan gata. Bai taɓa tsayuwa a gaban kasko ba, bai taɓa ɗaukar buhun gari ba, amma shi ake shafa wa ƙafa. Ni mai ciwon gwiwa ko kare bai shafa min ba.”

“Akwai mai shafa miki kullum da yamma, in kina so. Sai dai a Tokyo yake zaune.”

“Da waɗannan yatsun naka kamar tsinken tsire? Ka huda ni?”

Ya ja ta a hankali zuwa gilashi. Da fari ta ƙi duban ƙasa, sai sararin sama take kallo tana cewa ba wani abin a zo a gani. Can dai son gulma ya fi ƙarfin tsoro, ta leƙa.

“Ina gidana?”

“Ga shi can, mai shuɗiyar leda a rufi.”

“Wancan ɗan mitsitsin? Ƙarya kake. Gidana ya fi haka.”

“Ga rigarki ta damisa ɗayar a kan shanya. Daga jirgin sama ma ana ganinta.”

Ta manna goshi da gilashin, ta fara nuni da yatsa.

“To ga na Hatsuko a jikinsa. Matar nan, dubi yadda ta bar tukwanen furanninta suka bushe.”

“Hatsuko tana wurin ɗanta a Kobe, Baa-chan. Ke kika gaya min.”

“Na sani, ai ban rikice ba. Wancan fili mai motoci fa?”

“Gidan wanka ne da.”

“A gefensa wanzami yake, Tsoho Genzo, mai aske rabin kai ya tsaya labari.” Ta danna yatsa a gilashin. “Ya rasu. Wannan dogon ginin kuma masaukin baƙi ne, nan mai awara take.”

Yatsan ya ci gaba da bin layin gida gida, bakin yana kiran sunaye, sunayen suna ƙarewa a wurin ajiye motoci ko a ƙofar da aka rufe da kwano. A ƙasa, tana zaune a ɗakinta, ɗaya bayan ɗaya suka tafi, ba ta taɓa ganinsu a haɗe ba sai yau. Da ta kai ƙarshen layin sai ta sauke hannun. Tausayinta ya kama Shunpei har ya ji haushin kansa da ya kawo ta. Ya nemi abin tsokana ya rasa, sai gaskiya ta fito.

“Ranar da kika faɗi, da Hatsuko na nan, da bango ɗaya za ki buga ta ji ki. Ni tsoro nake ji, Baa-chan. Duk sanda wayata ta yi ƙara da sassafe sai in ɗauka kin sake faɗuwa.”

Ba ta dube shi ba. Ta daɗe tana kallon shuɗiyar ledar, sannan ta share hanci da bayan hannu.

“Ina Tokyon take daga nan?”

“Ba a hangowa. Ta can gabas, bayan duwatsun.”

“Ka ji. Garin da ko daga kan hasumiya ba a ganinsa, shi ake yi wa mutane fankama da shi. Mu sauka, gilashin nan duk hancin yara ne.”

Hanyar fita ta cikin shagunan tsaraba take bi, don kada baƙo ya tsira da aljihunsa. Shunpei na tafe a baya, yana shirya abin da zai gaya wa uwarsa, sai ya ga tsohuwa ta ja burki a gaban wani tebur. Ta ɗauki kwalin biskit mai hoton hasumiyar, ta juya shi, ta girgiza shi a kunne, ta taɓe baki.

“Baa-chan, kayan baƙi ne wannan. In wani ɗan unguwa ya gan ki, kin gama yawo.”

“Wane ɗan unguwar? Ba yanzu muka duba ba?” Ta ɗora masa kwalin a hannu, ta ɗauki wani. “Gidan uwar taka, ƙofa nawa ce a jere da tata?”

“Me ya sa?”

“Ina tambaya kana tambaya. Na dama, na hagu, da na tsallaken hanya. Akwai mai yara a cikinsu?”

Sai a lokacin ya gane. Ba wanda ke tarewa a sabuwar unguwa bai bi maƙwabta ƙofa ƙofa da ɗan abin gaisuwa a hannu ba, kuma Fusae ba za ta yarda a fara da ita ba.

“Na dama suna da yara biyu,” ya ce da ƙyar.

“To su babban kwali. Ba zan shiga unguwar mutane hannu rabbana ba, su ce ’yan Osaka ba su da tarbiyya. Kuma ka ji da kyau, ba don kai zan je ba. Zuwa zan yi in koya wa garin nan yadda ake romo. Tukunyar miyata a cinyata za ta zauna, ba a bayan mota ba.”

“Za su ba ki kujerar gaba, ke da ita.”

“Kuma a dama zan tsaya a matakalarsu. Wanda ya matsu ya tashi sama.”

Kwalaye suka taru a hannunsa har haɓa. Ya yi ƙoƙarin mayar mata da martani kamar yadda ya saba, amma idanunsa sun cika, ga hannu ba dama ya share. Tsohuwa ta leƙo ta gefen kwalayen, ta ga abin da ke faruwa, sai ta fashe da dariya har tana dafa sanda. Ta zura hannu a jaka ta lalubo alewa, ta ɓare takardar.

“Yau dai na ga ranar da bakinka ya mutu. Buɗe, Shun-chan.”

Ya buɗe, ta jefa masa.

“Tsotsa. Kada ka yi min kuka a gaban baƙi, su ɗauka kai ma abin kallo ne. Wuce mu je, kwalayen can ba za su haɗa kansu ba.”