Haladu Ba-Wuya da Fo ɗin Mudan

Wani mutum ne a layinmu, Haladu, amma kowa Ba-Wuya yake ce masa. Ka ce jirgin sama ya lalace, zai ce, "Ba wuya, ku miƙo min sifana." Tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa jin ya ce bai iya ba.

Ran nan ya shigo gida ya tarar da matarsa Saude tana fama da ɗansu Mudan, ɗan shekara biyu. Ta sayo masa fo, ja, sabo fil. Ta ɗora shi, ya sandare. Ta sake ɗorawa, ya callara ihu. Tana sauke shi ya laɓe bayan ƙofa ya tsula abinsa.

Haladu ya ja tsaki. "Ku mata komai sai kun mai da shi aiki. Wannan ai ba wuya. Ba ni sati guda."

"Malam, ka dai bi a hankali."

"Sati guda na ce! Ki aika wa Innarki ta zo ran Juma'a ta ga yadda ake tarbiyya."

Kun ji fa. Surukarsa, Inna Yelwa! Matar da ko a hanya ya hango ta sai ya canza lungu don kunya.

Ya ja yaro ɗaki ya turo ƙofa. Lallashi, a banza. Biskit, Mudan ya lamushe ya sake miƙo hannu. Ya yi muzurai, yaro ya yi masa gwalo. Da gogan ya ga ba ci, sai ya riƙa tsiyaya ragowar shayi a fo, ya fito yana ɗaga shi sama.

"Saude! Zo ki ga aiki!"

Jiƙaƙƙun wandunan yaron kuwa ƙarƙashin gado yake cusa su. Saude ta leƙa fo ɗin, ta ga har da ganyen shayi na yawo a ciki. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam," ta koma kicin tana cizon leɓe.

Ran Laraba ido ya raina fata, sai dabara ta faɗo masa: ai yaro abin da ya gani shi yake yi. Ya tattare riga, ya ɗosana a kan fo da wandonsa.

"Ka ga Baba? Ssss! Ssss!"

Mudan ya ƙyalƙyale da dariya, ya hau tafi. Haladu ya ce yawwa, an zo wurin. A yini sai ya zauna sau goma. Yaro ya koyi tafi, ya koyi "ssss", ya koyi ba wa wanda ya zauna biskit. Shi dai zaman ne ko kusa.

Juma'a da hantsi Saude ta shiga wanka. Haladu ya sha shadda, ya fito da fo tsakar gida a yi gwaji na ƙarshe. Ƙato guda ya zauna, ya runtse ido, har da nishi don yaro ya fi fahimta.

"Ssss! Iiiim!"

"Salamu alaikum."

Wayyo! Ashe Inna Yelwa ta yi sallama har sau biyu daga zaure, nishi bai bari ya ji ba. Ga ta tsaye da ƙullin ƙosai a hannu.

Ya zabura zai tashi, ya take bakin rigarsa, ya koma da ƙarfi. Ƙwas! Fo ya dare gida biyu. Tim! Ya yi rigingine, ƙafafu sama, hula can bakin rariya.

Mudan ya ruga da tafi. "Baba ya yi! Yawwa Baba!" Ya cusa masa biskit a baki. Sannan ya tsaya a gefensa, ya buɗe ƙafa, shaaa, ya jiƙe masa shaddar Juma'a.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Ko kallon surukin ba ta yi ba. Ta sunkuci jikanta ta cilla sama.

"Kai angona, ashe haka ka iya tarbiyya! Sati guda kacal ka koya wa babanka?"