Sakatare da Shafi na Biyu

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis ba, ko da kuwa na so in manta, domin mutanen unguwarmu a Bodinga ba su ba ni dama ba. Shekarata goma sha huɗu a lokacin, kuma ni ne sakataren kulob ɗin matasan unguwa. Kada ka ji na ce sakatare ka ɗauka wani ofis ne mai kujera mai juyawa. Benci biyu ne a gindin darbejiyar ƙofar gidan mai unguwa, da ƙwallo ɗaya da ta sha faci, da tsintsiyoyi da shebur na yasar kwata, sai littafi mai ganye arba'in da nake rubuta sunayen waɗanda suka zo mitin. Amma ni a raina, in ka cire Ciyaman, babu babba kamata.

Ciyaman ɗinmu Yaya Bello ne, malamin firamare sabon kama aiki, mutum mai sanyin magana da ba ya dukan kowa, sai dai ya dube ka ka gwammace bulala. Shi ya kafa kulob ɗin don kada mu riƙa yawon banza ranar Alhamis da babu makarantar allo. Muna ƙwallo, muna kacici-kacici, muna share masallaci da maƙabarta. Babban abin da muke jira duk shekara kuwa shi ne ziyarar Shagari bayan kaka. Akwai kulob irin namu a can, sai a buga wasa, a yi gasa, kuma kafin a fara komai yaro ɗaya daga cikinmu ya miƙe gaban dattawan gari, a ba shi lasifika, ya yi jawabin gaisuwa. Shekara biyu a jere ni nake yin wannan jawabi. Har na fara ganin kamar gadonsa na yi.

Sai Malami ya zo.

Daga Lambara aka kawo shi, wurin kawunsa mai sayar da albasa, don ya yi sakandare a Bodinga. Ranar farko da ya zo mitin da silifa kala biyu, har tausayinsa na ji. Tausayin bai kai mako biyu ba. Yaron nan in ya taɓa ƙwallo da ƙafar hagu sai gola ya kama addu'a. In aka yi tambayar tarihin annabawa, kafin in gama ɗaga hannu ya amsa. Ranar da muka share masallaci liman ya sa shi ya karanta 'yan ayoyi, tsofaffin da ke alwala suka tsaya da buta a hannu. Ni da nake ganin muryata ce rediyon unguwa, ranar na ji ta a kunnena kamar ta angulu da mura.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba shi da wani hali da zan kama. Da mai girman kai ne, da na samu abokan ƙiyayya. Ina! Kullum da fara'a, kuma ni ɗin nan ya fi liƙe wa. Ya zo da rake ya karya, ya miƙo mini gindin, wajen da ya fi zaƙi.

"Sakatare, ga naka. Wallahi rubutunka shina burge ni, ka koya min mana."

Ina shan rakensa ina jin haushinsa. (Allah Ya yafe mini, ban taɓa mayar da raken ba ko sau ɗaya.)

Da lokacin ziyara ya matso, Ciyaman ya ce bana za a zaɓi mai jawabi da ɗaga hannu. Ni na ƙirga, ni na rubuta a littafi da hannuna: Malami goma sha bakwai, Sakatare uku. Ukun nan kuwa, ɗaya ni ne, ɗaya ƙanena da na harara, na ukun har yau ina zargin ƙuda yake kora. Na yi murmushi, na tafa tare da kowa, na koma gida na kasa cin tuwo. Inna ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne. Zazzaɓi ne, amma ba irin wanda ake sha wa sabara ba.

To, a kulob ɗinmu akwai akwatin ƙorafi. Tsohon gwangwanin madara ne da aka huda wa murfi aka rataye a jikin darbejiya, wai duk mai shawara ko kuka ya rubuta ya jefa ba sai ya sa suna ba, Ciyaman ya buɗe ranar mitin. Yawanci abin da ake samu ciki bai wuce "a sayo sabuwar ƙwallo" ba. Sai shaiɗan ya nuna mini gwangwanin nan.

Kwana uku ina tsara takarda. Na rubuta, na yaga, na sake. Ina bayan rumbu da rana tsaka ina maimaita ta a baki don in ji ko kalmomin sun zauna, har ta kai ko cikin sujada sai in ji jimlolin suna zuwa mini. Da ta yi yadda nake so, sai na tuna kowa ya san rubutuna. Nan na yi dabarar da na ɗauka babu mai irin ta a ƙasar Sakkwato: na kwafe ta da hannun hagu. Shafi biyu cif, kowanne a ganyensa. Na sa hannu da "Mai Kishin Kulob", na faki ido lokacin da mutane suka shiga sallar azahar, na jefa.

Alhamis ta zo. Bayan la'asar muka hallara, kusan mu ashirin, har da mai unguwa a kan tabarmarsa can gefe yana jan carbi. Ciyaman ya zazzage gwangwani, takardata ta faɗo. Ya warware, ya kai ta kusa da ido, ya nisantar, ya juya ta ƙasa ta koma sama.

"Wanga rubutu, mutum yay yi shi ko kaza tat taka tawada?"

Aka yi dariya, ni ma na yi, har na fi kowa. Ya fara karantawa yana tuntuɓe. Inda na rubuta "martabar unguwa" ya karanta "tabarmar unguwa". Inda na sa "baƙo" ya ce "boko". Jama'a, kwana uku na yi ina gyaran jimlolin nan, ga shi ana yi musu yankan rago a gabana. Maimakon in yi shiru in gode wa Allah da Ya rufa mini asiri, sai na ji bakina ya ce:

"Ciyaman, kawo in gwada. Ai aikin sakatare ne."

Ya dube ni ɗan lokaci, irin kallon nan nasa, sannan ya miƙo. Ban lura ba ashe ganye ɗaya ya ba ni.

Na miƙe, na gyara murya. Rubutun da malamin makaranta ya kasa, ni sai ga shi ina zuba shi kamar Fatiha. Na karanta cewa Malami baƙo ne, wata huɗu kacal ya yi a unguwa. Na karanta cewa Lambara ƙasar Shagari ce, saboda haka tura shi jawabi a Shagari kamar ba kura ajiyar nama ne, wa ya sani ko shi ke kai musu sirrin yadda muke tsara 'yan wasa. Na karanta, Allah Ya gani da wannan bakin nawa, cewa bai kamata mai warin albasa ya tsaya kusa da dattawa ba. Na saci kallon Malami, na ga ya sunkuyar da kai yana wasa da silifarsa. Wani abu ya ɗan soke ni a ƙirji, amma daɗin muryata ya danne shi.

Shafin farko ya ƙare ne a kan "saboda haka muna ganin wanda ya fi cancanta". Nan takardar hannuna ta tsaya. Ni ban tsaya ba. Na riga na ɗaga kai ina kallon jama'a kamar mai huɗuba, hannu ɗaya a sama, na ci gaba:

"...shi ne Sakatare, yaro mai ladabi da natsuwa, ɗan asalin unguwa gaba da baya, wanda Allah Ya ba murya mai ratsa zuciya, wanda ko a bara dattawan Shagari sai da suka..."

"Sakatare."

Na tsaya.

"Ina kag ga wanga?" in ji Ciyaman a hankali. Ya ɗaga ɗaya ganyen da yatsa biyu. "Shafi na biyu hwa ga shi hannuna."

Na dubi takardata. Na juya bayanta, fari fat. Na sake juyowa, ko Allah Zai sa rubutu ya tsiro. Sai mai unguwa, wanda na ɗauka hankalinsa na kan carbi, ya ce daga tabarmarsa:

"Bello, duba muna, abin da yaron ga yac ce, shi na a rubuce?"

Ciyaman ya duba, ya bi layi da yatsa. "Ranka ya daɗe, ko wasali bai ɓata ba."

Wallahi har yau ban sake jin dariya irin ta ranar ba. Wani ya faɗo daga benci. Golanmu ya kwanta a ƙasa yana dukan rairayi. Ƙanena, jinina, shi ya fara cewa "murya mai ratsa zuciya!" yana riƙe ciki. Ni kuwa ina tsaye, gumi har cikin kunne, na buɗe baki na ce wai hasashe na yi. Hasashe! Wannan ya ƙara wa wutar fetur.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Malami ya bari hayaniya ta lafa, ya miƙe, ya ce:

"Ciyaman, in shina so, a ba shi jawabin. Ni ban san abin ya dame shi haka ba. Zancen albasa kau gaskiya na, ita muka ci, ita muka sha."

Da ya zage ni, da na samu abin riƙewa. Da ya kai mini naushi, da na ji sauƙi. Amma ya tsaya gaban mutane yana ba ni abin da na yi masa ƙazafi a kai, kuma (ka ji halin ɗan Adam) a daidai lokacin ma sai da na ji haushin yadda ya iya magana.

Ciyaman ya ce zaɓe ya riga ya wuce, ba a sakewa. Ya sa na ba Malami haƙuri a gaban kowa, na bayar. Sannan ya yanke mini hukunci: tunda Allah Ya hore mini tsara magana da hadda, ni zan rubuta jawabin Shagari, da hannun dama, kuma ni zan zauna da Malami kullum har ya haddace.

Haka aka yi. Mako biyu ina zuwa rumfar kawunsa, ina zaune a kan buhun albasar da na zaga, ina biya masa. Bai taɓa tayar da zancen takarda ba. Labari kuwa ya riga ni isa gida. Baba ya yi kwanaki in zai aike ni yakan ce a kira masa mai ladabi da natsuwa.

Ranar ziyara muka cika motar ɗaukar kaya muka tafi Shagari. Aka ba Malami lasifika. Ya fara lafiya lau, muryar nan tana fita kamar ana zuba zuma, sai a tsakiya, wajen jero gaisuwar dattawa, ya kakare. Ya juyo yana nemana da ido. Zan so in ce maka nan take na taimake shi. Ƙarya ne. Sai da na bari ya ɗan sha iska, kamar numfashi uku, ina jin wani mugun sanyi a raina, sannan na motsa masa leɓe da kalmar. Ya kama, ya ƙarasa, aka tafa. Wani dattijo ya kira shi ya dafa kansa ya ce bai taɓa jin yaro mai tsara magana haka ba. Ina gefe riƙe da jarkar ruwan 'yan wasa, ina cewa a zuci: tsarin nawa ne, Baba, nawa ne. Ba wanda ya tambaya.

Yanzu duk mun manyanta, ni da Malami har zumunci muke na 'ya'ya, amma a Bodinga in ka ambaci sunana na yanka sai an yi tunani. Ka ce Shafi na Biyu, yaro ma zai nuna maka gidanmu.

Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce. Gaskiya ne, sai dai ba su faɗi cewa mai hassadar ne ke dakon takin a kansa har gona ba, kuma shi warin ke bi. Shawarata ga na baya ita ce a bar hassada, babu alheri cikinta. Wanda kuma ya ga lallai ba zai iya bari ba, to don girman Allah ya rubuta ta gajeriya, shafi ɗaya, kuma kada ya haddace.