Rasuwar 'Yar Lele, wadda aka shayar da man da ba nata ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido ɗaya a kan dangi, tela na bakin titi yake sanar da rasuwar motarsa, 'Yar Lele, wadda injinta ya buga ranar Talata a tsakiyar hawa.

Marigayiya mai haƙuri ce. Shekara tara tana ɗaukar yadi da 'yan makaranta, ba ta taɓa sa maigidanta turi a gaban surukai ba. Ta bar taya huɗu, da safaya mai faci uku, da jak.

Ciwon ajalinta ya fara da wani "ƙas-ƙas-ƙas" duk lokacin da aka taka ta. Bakanike ya ce ciwon mai ne. Lambar da ke jikin famfon gidan mai, 91 ko 95, tana nuna yadda fetur yake jure matsi kafin ya kama wuta. Injinta mai matsi ne, 95 yake so. In aka ba shi na ƙasa, sai man ya tashi kafin lokacinsa, ya riƙa dukan fistin, ƙarfen da ke sama da ƙasa a cikin injin, har ya cinye shi.

Nan take tela ya san mai laifi, don biri ya yi kama da mutum: ƙanin matarsa ya ari marigayiya sati guda. Ya rantse 95 ya zuba, amma saurin rantsuwar ma abin dubawa ne. Uwargida ta ce a wanke ƙaninta, ko ta bi shi gida.

Sai bakanike ya ce ɓarnar ta fi shekara biyu, ya tambayi tela wane famfo yake zuwa. Tela ya ce na 91 mana, layinsa ya fi gajarta, ai shi ya ɗauka lambar layi ce. Tun daga ranar yake zargin bakanike da haɗa baki da surukansa.

Za a ja gawar zuwa garejin wani bakanike daban ranar Asabar da hantsi. Ƙanin uwargida zai riƙe sitiyari, bisa umarnin yayarsa. Ana karɓar gaisuwa a shago, amma ana roƙon masu ta'aziyya kada su buɗe murfin tanki. An rubuta 95 a ciki da manyan lambobi, kuma mai makoki yana da yaƙinin jiya wani ya liƙa ta.