Fentin da Ya Kusa Ci Min Shekara

Ba zan taɓa mantawa da ranar kare aikina na ajin ƙarshe a Samaru ba. Aikin kan babbar tashar lantarki ta hasken rana ne (a takarda kawai take lokacin), kuma ni zan zaɓi yadda za a haɗa naɗin wayoyi uku na taransifomarta: ko tauraro, inda suke haɗa kai wuri guda, ko dalta, inda wutsiyar kowanne ke kama kan na gaba.

Malamata, Dakta Rifkatu, ta ce zane ya isa. Ni kuwa uban iyayi, sai da na je Chikaji aka naɗa min 'yar ƙaramar taransifoma. Ta yi aiki, amma muni gare ta, duk bakunan wayoyin zanen alli ne. Na sayo fenti a unguwar PZ na mulke ta shuɗi shar, har da allin da ke nuna kai da wutsiya.

Ranar, ga baƙon farfesa mai jarrabawa, ga 'yan ajinmu cike da ɗakin gwaji. Faɗuwa na nufin ƙarin shekara. Na zuba Turanci kan amfanin dalta, na ɗaura wayoyin da ka, har na ce wa farfesa ya matso ya gani da kyau (wannan matsowar ce ke hana ni sukuni har yau).

Na kunna. Abu ya yi gurnani, hayaƙi ya turnuƙe, wutar sashen ta ɗauke. Farfesa ya fito daga cikin hayaƙin yana tari, hularsa a hannu. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Dakta Rifkatu ba ta yi faɗa ba. Ta buɗe taga, ta ce, "Ɗana, gaya wa baƙonmu abin da ya kashe taransifomar."

Na bayyana cewa naɗi ɗaya na juya, wutar ta yi ta zagaye a ciki ba mafita. Farfesa ya ce shi ne bayani mafi kyau da ya taɓa shaƙa. Na tsallake da kyar, kuma har gobe ina ƙaunar matar nan.

Tun daga ranar, duk abin da na tarar yana aiki da muninsa, gaishe shi nake yi in wuce.