Ni da Karkatacciyar Bikin Yaya Adiza

Ba zan taɓa mantawa ba, har ƙasa ta rufe mini ido, da bikin Yaya Adiza a unguwarmu Nima, shekarar da Ghana ta samu mulkin kai. Lokacin ina tashen balaga, ina tallar koko da ƙosai, bakina kuwa ya fi reza.

Bayana a karkace yake, kafaɗar dama ta ɗara ta hagu, amma wallahi ban sani ba. A jikina ji nake na fi sandar tuta miƙewa. In riga ta rataye mini gefe ɗaya, sai in je in wanke tela tas. Madubin gidanmu bai wuce tafin hannu ba, iyakarsa sa kwalli. (Sai da na tsufa, na shiga makarantar manya da jikata goye, wani likita ya faɗa mini sunan abin da Turanci, dogo kamar layin famfo. Ban riƙe ba.)

Ranar kai amarya unguwar Maamobi, Gwaggo Memuna, ƙanwar babanmu, ta ce yarinyar da ta fi iya tsayuwa ita za ta riƙe fitila a gaban amarya. Na rantse fitilar nan tawa ce. Mu 'yan mata duk mun sha yayi, wato atamfa iri ɗaya, ɗauri iri ɗaya, ga hoda har ba ka gane 'yar ɗakinku.

Aka tara mu a ɗakin da aka jere kayan amarya, mata cike har bakin ƙofa. Ba wanda ya naɗa ni, na hau gyaran layi. "Ke Fati, shigar da cikinki! Ayishetu, wuyanki ne ko na zabuwa?" Can a lungu, bayan tulin kwanoni, na hango wata ta tsaya a jirkice, tana wani ɗaga hanci.

"Ke kuma 'yar gidan wa?" na ce da ƙarfi. "Kafaɗa ɗaya a Kumasi, ɗaya a Tamale! Miƙe, ko ki koma baya, kar ki ɓata mana layi."

Ɗaki ya yi tsit. Na ɗauka kwarjinina ne. (Allah ya shirye ni.) Na nuna ta da yatsa, 'yar banza ta nuna ni. Ni? A Nima? Na ci ɗamara, na ture mutane, na yi kanta. Sai ji na yi ƙum! Goshina ya gaisa da gilashi. Ashe kabad ne sabo, mai madubi daga sama har ƙasa, irinsa na farko da na taɓa gani.

Dariya ta fashe har makaɗa a waje suka tsaya. Wata tsohuwa 'yar ƙabilar Gonja tana share hawaye tana cewa da gurguwar Hausarta, "Buga shi, ɗiyana, kar ka bar shi!"

Na juya ga Gwaggo. "Madubin nan a karkace yake."

"To mu da ke ciki me ya sa muka miƙe?"

"Kun sani, ba ku faɗa mini ba?"

"Wa ya gaji da ransa?"

Ta kama kafaɗuna ta daidaita su. Na ji kamar an tura ni kwata, na yi wuf na riƙe zanenta, muka zube tare cikin kwanonin amarya.

Fati ce ta riƙe fitila, da cikinta da komai. Ni na biyo can baya ɗauke da turmi, ga ƙulu a goshi, yaran unguwa na tambayata wa ya yi nasara.

Tun ranar na koyi abu ɗaya. Ban daina zagi ba, kar in yi muku ƙarya, bayan nawa kuma bai miƙe ba. Sai dai yanzu, kafin in buɗe baki a kan kowa, nakan ɗaga hannu tukuna, in ga ko shi ma zai ɗaga.